Siyasar Ofis da Sabon Marubucin Bayanan Fasaha

Ƙannena maza da mata da kuka samu aikin rubuta bayanan fasaha, ina taya ku murna. Sana'a ce da ba kowa ya san da ita ba a wajenmu, alhali kowa na cin moriyarta. 'Yar takardar nan da ake naɗewa a cikin kwalin magani, da littafin da ke biyo sabon janareta, da bayanin da ke nuna wa mai POS yadda zai bi sawun kuɗin da suka maƙale, da kundin da makanikan jirgin sama ke dubawa kafin su kwance ko da noti ɗaya, duk wani ne ya zauna ya rubuta su. Yau ga shi kun shiga sahu, wasunku a kamfanonin Legas da Abuja, wasu kuma daga ɗakunansu suke yi wa kamfanonin ƙetare aiki ta intanet.

Na san abin da ya fi tsaya muku a rai yanzu shi ne ƙwarewa: yadda za ku iya kayan aiki, ku gyara Turancinku, ku fahimci manhajar da aka ce ku yi bayaninta. Wannan duk za ku koya, domin yana da littattafai da malamai. Abin da ba a koyarwa a aji, kuma ya fi kayar da sabon ma'aikaci, shi ne zama da mutanen ofis: wa ke jin maganar wa, su wa ba sa ga maciji da juna, wa ke neman kujerar wa. Nasihata a kan wannan guda ce, sauran duk rassanta ne. A kowane ja-in-ja na ofis, kai ɓangarenka mai karatu ne, kuma duk wata dabarar zama da mutane don ka iya tsayawa a wannan matsayi ake koyonta.

Dalilin da rigima ke biyowa ta teburinka

Akawu yana da lissafinsa, injiniya yana da abin da yake ƙerawa. Kai kuwa kayan aikinka a cikin kawunan wasu suke. Ba za ka rubuta layi ɗaya ba sai wanda ya san abin ya ba ka lokacinsa, kuma ba ka da ikon tilasta shi, don ba a ƙarƙashinka yake ba, sau da yawa ma ya girme ka a shekaru da muƙami. In ka gama rubutun, ba za a fitar da shi ba sai wasu sun duba sun amince. Ka ga kenan farkon aikinka da ƙarshensa duk a hannun mutane suke.

Su kuma mutanen ba abu ɗaya suke nema ba. Injiniya yana son a faɗi komai dalla-dalla yadda ya gina shi, ko da mai karatu zai ɓata a hanya. Mutanen sashen talla suna son a ce kayan ba shi da na biyu, kuma sun tsani duk jimlar da ta nuna akwai abin da ba ya iya yi. Lauyan kamfani yana son a jera gargaɗi shafi-shafi, don in an je kotu gobe a ce ai an faɗa. Masu amsa kiran kwastomomi suna son a bayyana matsalar nan da ke hana su sakat, wadda injiniyoyi ba sa son a ambata. Manaja kuwa ranar fitar da kaya kawai yake kallo. Kowannensu yana da hujjarsa, kowannensu kuma yana da kujera a ɗakin taro. Mutum ɗaya ne ba shi da kujera: wanda zai buɗe bayanin nan da tsakar dare, na'ura ta tsaya masa, babu wanda zai tambaya. Saboda shi aka ɗauke ka aiki.

Matsayinka ya yi kama da na mai awo a kasuwar hatsi. Mai sayarwa na yi masa fara'a, mai saye ma haka, kowa na fatan mudun ya karkata wajensa. Darajarsa tana nan muddin kowa ya yarda mudunsa ɗaya ne. Ranar da aka gane yana tauye wa wani don ya cika wa wani, har wanda aka cika wa ɗin ba zai ƙara amincewa da shi ba.

Watannin farko na kallo ne da saurare

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Kowane ofis yana da tsarin shugabanci iri biyu. Akwai wanda aka zana a takarda aka ba ka ranar da ka kama aiki, akwai kuma na zahiri, wanda sai ka zauna za ka gane shi. In an shiga taro, ka lura da wanda ake waiwaya a kalla kafin a yanke magana, da wanda in ya yi shiru shawara ta mutu. Wani lokaci tsohon injiniya ne da ba shi da wani babban muƙami, amma shi kaɗai ya san dalilin da ya sa aka gina abu yadda yake. Wani lokaci sakatariyar oga ce, wadda sai ta so za ka samu minti goma da shi.

Ka yi sa'a, a wannan sana'a tarihin ofis a rubuce yake. In kamfaninku na amfani da Jira, to, akwai tsofaffin muhawarori a ƙarƙashin kowane aiki. In kuna ajiye rubutu a Git, kowane gyara yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi da ranar da ya yi. Awa biyu a cikin waɗannan za su sanar da kai abin da hirar wata guda ba za ta sanar da kai ba, kuma ba ka ci naman kowa ba.

Kada ka yi gaggawar kushe abin da ka tarar. Sabon ma'aikaci yakan buɗe tsohon littafin jagora, ya ga kurakurai, ya shiga taro yana cewa wannan ai shirme ne, sai a sake shi daga tushe. Ashe wanda ya rubuta shi yana zaune a kan teburin, wataƙila ma shi ne zai sa hannu a takardar tabbatar maka da aiki. Ko da rubutun ya lalace ɗin da gaske, ba ka san halin da aka yi shi a ciki ba: ƙila mutum ɗaya ne ya haɗa shi cikin kwana uku yana kuma riƙe da wani aikin. Ka tambayi tarihinsa tukuna, ka gyara shafi ɗaya ka nuna, in an yaba sai ka ƙara.

Tarbiyyar da muka taso da ita jari ce a nan. Ka gaida mai gadi da masinja yadda kake gaida oga. Ka yi wa wanda aka yi wa rasuwa ta'aziyya, ka yi wa wanda aka yi wa haihuwa barka, ko wane yare ne shi, ko wane addini yake bi. Amma ka yi hattara da abokin farko, wanda tun makon da ka zo ya jawo ka gefe yana karanta maka wane mugu ne, wance 'yar gaban goshin oga ce. Mutum ne mai neman ƙarin soja a yaƙin da aka fara tun ba ka zo ba. Ka saurara da ladabi, ka ce, "Allah Ya kyauta, ni dai ban san su ba tukuna," ka koma bakin aikinka. Mai kawo maka maganar wani, shi zai kai taka.

Abin ya fi muni a rubuce. An ce magana zarar bunu ce, to ta baki kenan, wadda ake iya musantawa. Saƙon da ka tura a Slack ko imel ɗin ofis kayan kamfani ne, yana nan ajiye. Wanda ka tura a zauren WhatsApp na ma'aikata kuwa, ɗaukar hotonsa ba ya cin daƙiƙa biyu. Duk abin da ba za ka iya faɗa wa mutum a gaban idonsa ba, kada yatsanka ya rubuta shi.

Yadda ake karɓar ilimi daga hannun injiniya

Ƙorafin da za ka fi ji a bakin marubuta shi ne injiniyoyi ba sa amsa tambaya. Yawancin lokaci ba raini ba ne. Shi injiniya ana auna shi ne da abin da ya ƙera, ba a ba shi ƙarin girma don ya zauna da kai. Kowace awa da ya ba ka daga nasa wa'adin ya yanko ta. In ka fahimci haka, sai ka sauƙaƙa masa.

Kafin ka je wajensa, ka taɓa kayan da hannunka. Ka buɗe manhajar, ka bi matakan, ka ga inda take tsayawa. Sannan kada ka je masa da farar takarda kana cewa, "Don Allah yi mini bayanin yadda abin nan yake aiki." Wannan tambaya ta yini guda ce, zai ce ka dawo gobe, goben kuma ba za ta zo ba. Ka rubuta daftari iya fahimtarka, ko da akwai kuskure a ciki, ka ce, "Malam, ga yadda na gane shi, duba mini sakin layi na uku." Mutum yakan yi kasalar bayani, amma da wuya ya ga an faɗi kuskure a kan abin da ya ƙera ya yi shiru. Ka tara tambayoyinka wuri guda, ka nemi minti goma sha biyar, in sun cika ka tashi. Wanda ya ga kana girmama lokacinsa zai sake buɗe maka ƙofa.

Sau da yawa kai ne za ka fara gano aibin kaya, domin kai ne mutum na farko da ya yi amfani da shi ba tare da ya san cikinsa ba. In ka gano, ka fara sanar da mai aikin tsakaninku, ka shigar da rahoton ta hanyar da aka tanada, ka bar shi ya gyara. Kada ka ajiye shi sai ranar taro ka fito da shi don a san ka iya. Za ka burge na minti biyar, ka rasa malami na shekara biyar. In kuwa aiki ya yi kyau, ka ambaci sunan wanda ya taimake ka a gaban shugabansa. Wannan ba ya rage ka da komai.

Akwai wurin da kunyarmu take cutar da mu. An koya mana kada yaro ya tsare babba da tambaya, kada ya ce masa bai gane ba. A wannan sana'a, "ban gane ba" aiki ce, domin abin da ya shige maka duhu zai shige wa mai karatu. Masu aiki da kamfanonin Turai da Amurka su ƙara lura: a can in ka yi shiru a taro an ɗauka ka amince, in ka ce "to" don ladabi an rubuta ka ɗauki alkawari. Wa'adin da ka san ba za ka iya cikawa ba, ka faɗa tun ranar da aka ɗora maka. Haka lokacin sallar Juma'a da sauran uzurorinka, ka bayyana su tun farko, ka sa su a jadawalinka kowa ya gani, ya fi a riƙa nemanka ana rasawa.

Idan jan biro ya sauka a kan rubutunka

Rubutunka zai dawo da gyare-gyare, wani lokaci daga mutum biyar, kowa da inda ya dosa. Abu na farko, ka cire zuciyarka daga ciki. Takardar ta kamfani ce, galibi ko sunanka ba ya fitowa a kanta. Na biyu, ka rarrabe gyaran gida uku. Akwai gyaran gaskiya, inda ka rubuta abin da ba haka yake ba. Wannan ka karɓa hannu biyu ka yi godiya. Akwai gyaran ɗanɗano, inda mutum ya fi son wata kalma a kan wata. Akwai kuma gyaran nuna isa, inda mai gyaran yake son kawai a san takarda ta biyo ta hannunsa.

Maganin gyara na biyu da na uku shi ne kundin ƙa'idojin rubutu. In kamfaninku yana da shi, ka haddace shi. In ba shi da shi, ka ba da shawarar a ɗauki ɗaya. Google da Microsoft kowanne ya wallafa nasa a intanet kyauta. Amfaninsa shi ne yana ɗauke gardama daga tsakanin mutum da mutum. Maimakon ka ce wa wanda ya girme ka bai yi daidai ba, sai ka ce ga abin da kundinmu ya tanada. Inda gyaran ba zai cutar da mai karatu ba, ka bar wa mai shi, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ka adana ƙarfinka don ranar da za a taɓa ma'ana.

Za ka haɗu da mai raina rubutunka don ya ga babu manyan kalmomi a ciki, ko don ya ji lafazinka ya yanke hukunci a kan Turancinka. Kada wannan ya sa ka shiga gasar ƙaƙale. Masana'antar jiragen sama ta Turai da kanta ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙan Turanci a 1986, wadda yau ake kira ASD-STE100, domin makanikai da yawa a duniya Turanci ba harshen uwa ba ne a wajensu. Ƙa'idar ta taƙaita kalmomin da aka yarda a yi amfani da su, ta ba kowace kalma ma'ana guda, ta kuma hana jimlar umarni ta wuce kalma 20. Wanda ya koyi Turanci a makaranta ya san inda mai karatu ke tuntuɓe, don shi ma ta nan ya biyo.

Tarko mafi haɗari shi ne shugabanni biyu su yi amfani da takardarka su yi faɗansu. Wannan ya ce a sa, wancan ya ce a cire, kai kuma kana kai-kawo tsakaninsu kana cewa wane ya ce, wane ya ce. Ƙarshenta su shirya, laifi ya dawo kanka. Kada ka zama ɗan aike. Ka rubuta musu saƙo guda tare: ga zaɓi na ɗaya, ga na biyu, ga abin da kowanne zai jawo wa mai karatu, ga wanda kake ganin ya fi, sannan ka nemi a yanke. Tun kafin a fara kowane aiki ma, ka tambayi maigidanka wane ne ke da maganar ƙarshe a kan wannan takarda. Tambayar nan kaɗai tana kashe rigima da yawa tun ba a haife ta ba.

Ka rubuta, kuma ta ƙofar da aka tanada

Bayan kowane taro da aka yanke wani abu, ka tura ɗan gajeren saƙo: ga abin da na fahimci mun tsayar, ga wanda zai yi kaza, zuwa rana kaza, in na yi kuskure a gyara mini. Mutane suna mantuwa, wasu kuma suna mantuwar gangan. Amma ka tsarkake niyya. Rubutun don aiki ya tafi daidai ne, kada ya zama tara makamai. Mai sa oga a kwafin kowane saƙo don ya tsorata abokin aiki, nan da nan ake gane shi, a daina gaya masa komai. Marubucin da aka daina gaya wa komai kuwa aikinsa ya ƙare.

Ƙofar da ka bi ma tana da muhimmanci. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Takardar yarjejeniyar aiki ta ce a ba da alƙaluman ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin niyuton, amma manhajar kamfanin Lockheed Martin ta riƙa ba da su da ma'aunin fam, wanda kowane ɗaya nasa ya kai niyuton 4.45. Masu lura da tafiyar kumbon sun ga lissafi ba ya haɗuwa tun yana hanya, sun kuma yi maganar a tsakaninsu, sai dai binciken da aka yi daga baya ya nuna ba a shigar da damuwar ta tsarin kai rahoto na hukuma ba, don haka ba a bi ta har ƙarshe ba. Ƙorafin da aka yi a baranda ba shi da mai shi. Wanda aka shigar a inda ya dace dole wani ya amsa shi.

Inda sassauci yake ƙarewa

Duk abin da na faɗa a baya haƙuri ne da lallashi. To, akwai iyaka. Rana za ta zo da za a ce maka, "Cire wannan gargaɗin, zai tsorata masu saye," ko "Kada ka ambaci wannan matsalar, za mu gyara a fitowa ta gaba." A nan ne ake gane wanda ya san dalilin ɗaukarsa aiki.

A gasarsa da Airbus, kamfanin Boeing ya ɗora wa tsohon samfurin jirginsa na 737 manyan injuna, ya kira shi 737 MAX. Girman injunan da inda aka kafa su sun sauya yadda jirgin ke ɗaga hanci a wasu yanayi, sai aka sa masa manhaja mai suna MCAS, wadda ke danna hancin ƙasa da kanta, tana dogaro da na'urar awo guda ɗaya. Boeing yana son kamfanonin sufuri su sayi jirgin ba tare da sun kashe kuɗin sake horar da matuƙa a na'urar kwaikwayon tuƙi ba. A 2016 ya nemi hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, ta yarda a cire bayanin MCAS daga littafin matuƙa, ta kuwa yarda. Ranar 29 ga Oktoba, 2018, jirgin Lion Air ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jakarta, mutum 189 suka rasu, matuƙan suna kokawa da manhajar da littafinsu bai yi musu bayaninta ba. Ranar 10 ga Maris, 2019, jirgin Ethiopian Airlines da ya tashi daga Addis Ababa zuwa Nairobi ya faɗi da mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi, ɗan Nijeriya mai koyarwa a Jami'ar Carleton ta Kanada. Rayuka 346 kenan. An dakatar da jiragen 737 MAX wajen wata 20, kuma a Janairun 2021 Boeing ya amince zai biya sama da dala biliyan 2.5 a sulhunsa da ma'aikatar shari'a ta Amurka.

Tushen masifar a ƙirar manhajar yake, kuma ba wani ƙaramin marubuci ne ya yanke shawarar cire bayanin ba. Abin da nake son ka gani shi ne, abin da ke shiga littafin jagora da abin da ake cirewa magana ce ta kuɗi da iko, kuma wanda ke biyan farashinta ba ya cikin ɗakin da aka yanke ta. Naka aikin ƙila bai kai na jirgin sama ba, amma adadin maganin da za a ba yaro, ko kuɗin da za a cire wa ɗan kasuwa ba a gaya masa ba, su ma haƙƙi ne.

In ka tsinci kanka a nan, ban ce ka ɗaga murya ba. Ka fara samun maigidanka ku biyu, ka nuna masa cutarwar da za ta samu mai amfani da kayan, da abin da zai biyo baya a kan kamfani. Ka zo da mafita: ga wata hanyar faɗin gaskiyar da ba za ta firgita kowa ba. In ya ƙi, ka rubuta damuwarka cikin natsuwa, ba zargi ba zagi, ka kai ta sashen da ke kula da inganci ko lafiya ko shari'a. In duk an ƙi, kada ka sa hannunka a kan abin da ka san ƙarya ne.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan tsayuwa tana da tsada. Roger Boisjoly injiniya ne a kamfanin Morton Thiokol, mai ƙera rokokin da ke ɗaga kumbon Challenger. A watan Yulin 1985 ya rubuta wa shugabanninsa takarda yana gargaɗi cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin zai iya gazawa, a yi asarar rayuka. Daren 27 ga Janairu, 1986, shi da abokan aikinsa suka ba da shawarar kada a harba kumbon in sanyi ya yi ƙasa da kimanin digiri 12 na Salshiyas. Jami'an NASA suka nuna rashin jin daɗi, manajojin kamfanin suka keɓe, suka janye shawarar. Washegari aka harba cikin tsananin sanyi, bayan daƙiƙa 73 kumbon ya tarwatse da mutum bakwai. Boisjoly ya ba da shaida a gaban kwamitin bincike, ya miƙa takardunsa, abokan aiki suka juya masa baya, ƙarshe ya bar kamfanin. Takardarsa ba ta ceci kowa ba a ranar, amma tana cikin abin da ya hana a binne gaskiya, aka sake ƙirar mahaɗar kafin a ci gaba da harba kumbo a 1988.

Kada aikinka ya ɓace, kada kai ma ka ɓace

Rubutun jagora in ya yi kyau ba a lura da shi, sai ya ɓaci ake neman mai shi. Saboda haka wajibi ne ka riƙa sanar da maigidanka abin da kake yi, kuma wannan ba fariya ba ce. Duk ƙarshen wata ka tura masa 'yan layuka: ga abin da aka kammala, ga abin da ya tsaya da dalilinsa. Ka ƙulla zumunci da masu amsa kiran kwastomomi, su ne za su gaya maka tambayar da aka daina yi tun da ka gyara shafi kaza, kuma babu shaidar da ta fi wannan ƙarfi ranar da ake maganar ƙarin girma ko rage ma'aikata. In wani ya gabatar da aikinka a matsayin nasa, karo na farko ka same shi a keɓe ku yi magana. Daga nan ka riƙa ajiye daftarinka a inda kowa ke ganin sunanka da kwanan wata.

Ke kuma ƙanwata, akwai ƙarin kaya a kanki. Da yake ke ce marubuciya, za a so a mayar da ke mai rubuta bayanan kowane taro, mai shirya walimar ofis, mai gyara wa kowa wasiƙa. Taimako ba laifi ba ne, amma ki nemi a riƙa yin irin waɗannan bi-da-bi, don ba da su za a auna ki ba. In an katse ki a taro, ki ce, "Bari in ƙarasa," ki ƙarasa. In wani ya wuce gona da iri, ki rubuta rana da wuri da abin da ya faru, ki kai sashen kula da ma'aikata, kada kunya ta sa ki haɗiye.

Za a kuma ja ka zuwa rukunin 'yan garinku ko 'yan yarenku. Cin abinci tare da zumunci babu aibi. Aibin shi ne a wayi gari injiniya ɗan wani yanki yana ganin in ya gaya maka abu, rukuninku ya gaya wa. Ka nemi babba guda mai mutunci, ko daga ina yake, wanda ba ya cikin masu faɗa, ka riƙa neman shawararsa. In kuwa ka ga ofis ya zama wurin da ƙarya ce hanyar ci gaba, ka fara neman wani aikin a natse, ka ba da sanarwa yadda yarjejeniya ta tanada, ka miƙa aiki cikakke, ka fita ba tare da zagin kowa ba. Masu wannan sana'a ba su da yawa, gobe za ku sake haɗuwa.

Don haka ƙannena, ku yi sassauci a kan salo, ku yi haƙuri da halayen mutane, ku bar wa masu son girma girmansu. Amma ranar da aka ce ku ɓoye wa mai karatu abin da zai cuce shi a lafiyarsa ko dukiyarsa, ku ƙi, cikin ladabi kuma a rubuce. Aiki ana rasa shi a samu wani, haƙƙin mutane kuwa sai an biya. Allah Ya ba ku ikon riƙe amana.